Shugaba zai iya fitar da ƙasarsa daga yarjejeniyar duniya shi kaɗai?

Malam, ka tambaya ko shugaba zai iya ficewa daga yarjejeniya don kawai jam'iyyarsa bata so, to gaskiya ya danganta da tsarin mulkin ƙasar. A Afirka ta Kudu gwamnatin Zuma ta sanar da fita daga kotun hukunta manyan laifuka ta duniya (ICC) a 2016, babbar kotu ta ce a 2017 sam, sai majalisa ta amince, dole suka janye takardar. Amma Amurka fa, yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi Obama ya shiga, Trump ya fice, Biden ya koma a 2021, Trump ya sake sa hannun ficewa a 2025, duk babu ƙuri'ar majalisar dattawa, wallahi wannan ne ke damuna saboda sauran ƙasashe ne ke kwana a ciki duk lokacin da aka canja gwamnati.