Amsa ga mai shirin tafiya karatu Ingila

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa da ya samu gurbin digiri na biyu a Ingila, yake tambayar wace ɗabi'a ce ta mutanen can za ta fi ɗaure masa kai, Allah ya sanya alheri. Na yi zama a Sheffield, ga abin da na gani.

Maganar sanyi da abinci kowa zai yi maka ita. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Baturen Ingila ba ya fito da magana fili. Malamin da ke duba aikinka zai ce rubutun ya burge shi, sai dai yana da 'yar ƙaramar shawara. To wannan 'yar shawarar ita ce maganar, sau da yawa ma nufinsa ka sake babin ɗungurungum. Abokin karatu zai ce lallai wata rana ka zo gida a ci abinci. Muddin bai sa rana da lokaci ba, sallama ce kawai ya yi maka. Kada ka wanke ƙafa ka je ƙofar mutum ba ku shirya ba, ko da katanga ɗaya ce tsakaninku. Kai za ka taka shi a bas, shi zai riga ka ba da haƙuri. Wasu 'yan'uwanmu na kiran wannan munafunci. Ni ban yarda ba, kara ce irin tasu, gudun kunyata mutum suke yi.

Sai layi. Ko mutum uku ne a tashar bas, kowa ya san wanda ya riga shi zuwa. In ka tsallake ba mai yi maka faɗa, harara da ɗan tsaki za ka sha. A tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan kuwa, in ka hau matakala mai tafiya da kanta ka tsaya dama, hagu ta masu sauri ce.

Shayi kuma ba wasa. In ka tashi haɗawa a ofis, sai ka tambayi kowa ko yana so, ka kuma riƙe wa ke shan sukari, wa ke son madara kaɗan. Ka haɗa naka kai kaɗai, an ga rowarka ke nan. Hira da baƙo daga ruwan sama take farawa, kai dai ka taya shi ƙorafi.

Daren 5 ga Nuwamba za ka ji ƙarar fashe-fashe ko'ina, kada hankalinka ya tashi. Wasan wuta ne na tuna Guy Fawkes da 'yan ƙungiyarsa, waɗanda suka shirya tarwatsa majalisar dokoki a 1605 aka kama su. Tsofaffin gidaje da yawa famfo biyu gare su, ɗaya tafasasshe ɗaya kamar ƙanƙara, alwalar asuba sai da dabara. Ran Lahadi manyan kantuna awa 6 kawai doka ta ba su, yawanci ƙarfe 4 ko 5 sun rufe.

Ka lura da agogo kuma. Lahadin ƙarshe ta Oktoba suke mayar da shi baya da awa ɗaya, daga nan Najeriya ta riga su da awa guda har Lahadin ƙarshe ta Maris. A Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma magariba ta yi, don haka ka nemi jadawalin sallah a masallacin unguwarku da zarar ka sauka.