Me Ya Sa Manyan Gasannin Wasanni Ke Rasa 'Yan Kallo?

Tambaya: Malam, ina yawan jin cewa manyan gasannin wasanni na duniya suna rasa magoya baya da masu kallo a talabijin, alhali kullum sai mu ji an sayi ɗan wasa da maƙudan kuɗi. Shin mutane ne suka gaji da wasanni, ko kuwa wani abu ne daban yake faruwa?

Amsa: Raguwar gaskiya ce, sai dai ba kowace gasa ta shafa ba. A Amurka, wasannin ƙarshe na gasar besbol sun samu masu kallo kimanin miliyan 44 a 1978, amma a 2023 da ƙyar suka haura miliyan 9. Na ƙwallon kwando na NBA sun kai miliyan 29 a 1998, zamanin Michael Jordan, kuma ba su sake kaiwa nan ba. Duk da haka, wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka (NFL), ya tara sama da mutum miliyan 123 a 2024. Ke nan sha'awar tana nan, hanyar kallon ce aka toshe.

A ganina babban dalili shi ne masu gudanar da gasanni sun sayar da haƙƙin nuna wasanninsu ga tashoshin da ake biya, suka ɗauke su daga tashoshin kyauta. Wasan kurket a Ingila ya isa misali. A 2005, lokacin da Ingila ta kara da Ostireliya a tashar Channel 4 ta kyauta, masu kallo sun haura miliyan 7. Daga 2006 aka mayar da wasannin tashar Sky, hukumar kurket ta samu kuɗi, amma yara masu tasowa suka daina cin karo da wasan a gidajensu. Goyon bayan ƙungiya kuwa tun ana ƙarami yake shiga rai, yawanci yaro yana zaune kusa da mahaifinsa ko yayansa yana jin ihunsu idan aka jefa ƙwallo a raga. Yaron da bai samu wannan zama ba, da wuya ya girma ya riƙa cire kuɗi duk wata don kallon abin da bai saba da shi ba.

Sannan aka rarraba wasannin. Daga 2019 zuwa 2025, mai son kallon duk wasannin Firimiya da ake nunawa a Birtaniya sai ya biya kamfanoni uku, wato Sky da BT (wanda ya koma TNT Sports) da Amazon, kuma ko ya biya ba zai ga wasannin ƙarfe uku na ranar Asabar ba, domin an hana nuna su kai tsaye. Wanda ya gaji da wannan, ko dai ya koma kallon sata ta intanet, wanda ba ya shiga ƙididdiga, ko ya wadatu da gajerun bidiyon ƙwallayen da aka ci a wayarsa.

Yawan wasanni ma ya rage musu armashi. Kowace ƙungiyar NBA tana buga wasa 82 a kaka, ta besbol 162, yayin da ta NFL ke buga 17 kacal, shi ya sa kowane wasanta yake da nauyi. Gasar Zakarun Turai ta tashi daga wasa 125 zuwa 189 a 2024. Ga kuma sanin wanda zai ci kofi tun kafin a fara: Bayern Munich ta lashe gasar Jamus sau 11 a jere, Juventus ta ɗauki ta Italiya sau 9 a jere.

Shugaban Real Madrid, Florentino Pérez, ya ce a 2021 matasa ba sa iya jure minti 90, yana kare shirin Super League, sabuwar gasar manyan ƙungiyoyin Turai, da ya ruguje cikin kwanaki kaɗan. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin da besbol ta sa agogon ƙayyade lokacin jifa a 2023, wasa ya ragu da kusan minti 25, kuma masu zuwa filaye suka ƙaru. Amma ban yarda laifin na matasa ba ne, tun da su ne ke shafe sa'o'i a kan wasannin kwamfuta.

Game da kuɗin da ka ambata, wasanni na daga cikin 'yan abubuwan da suka rage waɗanda jama'a ke kallo kai tsaye tare da tallace-tallace, don haka kamfanoni ke rububinsu. Firimiya ta sayar da haƙƙinta na cikin gida kan fam biliyan 6.7 na shekara huɗu daga 2025, sai dai ta ƙara yawan wasannin da ta bayar, wato farashin kowane wasa ya sauka. A Faransa kuwa lamarin ya riga ya fito fili: kamfanin Mediapro ya yi alƙawarin biyan sama da yuro miliyan 800 a shekara don nuna gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, ya kasa samun isassun masu biya, yarjejeniyar ta wargaje a ƙarshen 2020, kuma har yanzu ƙungiyoyin ƙasar ba su sake samun mai saye a wannan farashi ba.