Shin sunan kakanmu yana cikin ƙidayar 1931?

Tambaya: Malam, kakanmu ya zo Jos aikin kuza daga ƙasar Kano tun zamanin Turawa, kuma har ya rasu a unguwar Gangare ba mu san garinsu ba. A cikin 'ya'yansa gwaggonmu kaɗai ta rage, ga shi tsufa ya kama ta. Wani mai shagon kwamfuta ya ce idan muka biya shi zai ciro mana sunan kakan da na iyayensa daga ƙidayar 1931. Mu biya?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ku ba shi ko sisin kwabo. Abin da aka wallafa daga ƙidayar 1931 alƙaluma ne na larduna da gundumomi, kuma a Arewa galibinsu daga lissafin haraji aka tattaro su, ba wai an bi gida-gida ana rubuta sunan kowa da na ubansa ba. Ƙidayar 1952 zuwa 1953, da ta 1963, da ta 1991, da ta 2006, duk jimilla aka fitar wa jama'a, ta 1973 kuwa soke ta aka yi. Masu wannan sana'a sun ga yadda Amurka ke buɗe takardun ƙidaya masu ɗauke da sunaye bayan shekara 72, Ingila kuma bayan shekara 100, sai suke sayar wa mutanenmu wannan labari kamar a nan ma haka abin yake.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne takardar da suke miƙa wa mutum a ƙarshe. Za ka gan ta tsaf da hatimi, an jera kakanni goma sha, kuma kusan kullum salsalar tana ƙarewa ne a gidan sarauta ko gidan sharifai, domin an san babu mai biyan kuɗi a ce masa kakansa lebura ne. Dabararsu ita ce kamannin suna, alhali a ƙasar Hausa mutum kan ɗauki sunan garinsu ya zama sunansa na biyu, kamar Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari, don haka mutum biyu masu amsa Bichi ba lallai su haɗa jini ba. Idan irin wannan takarda ta kwana a akwati shekara ashirin, jikoki za su ɗauke ta gaskiya, wata rana ta shiga rabon gado ta raba zumunci. Ga kuma gargaɗi mai tsanani da ya zo a hadisi kan wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane.

Gwaggonku ita ce taskar da kuke nema, ku zauna da ita a wannan makon, ku ɗauki muryarta a waya. Ku tuna da alkunya, domin tana iya ƙin ambatar sunan mahaifinta kai tsaye, sai ku tambaye ta laƙabinsa, da tsagen fuskarsa, da sana'ar gidansu, da garin da baƙinsa suke fitowa idan sun sauka wurinsa. Kada ku matsa mata da shekara. Ku tambaya ko abu ya faru kafin diban gwamna, wato kwasar mutane aikin kuza na dole a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ko bayan zuwan Sarauniyar Ingila a 1956.

Daga nan ku binciki tsofaffin rasit na haraji, da takardar gida, da gefen littattafansa, inda magabata kan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami. Idan an raba gadonsa a gaban alƙali, rajistar kotun ta fi kowace ƙidaya amfani, tunda a nan ake lissafa magada da sunayensu. Sai kun sami sunan gari sannan tafiya ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ko Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke can, za ta yi amfani, kuma kafin nan ku fara sallama da dagacin garin.