Hukuncin tura saƙon da ba a tantance ba a lokacin annoba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Da an ce cuta ta ɓarke, wayata cika take yi da saƙonnin murya a WhatsApp. Lokacin korona na tura wa mahaifiyata na wani da ya ce shi likita ne, wai cutar ƙarya ce. Daga ranar ta ajiye takunkumi, ta kuma ƙi rigakafi. Niyyata taimako ce. Ina da laifi? Maganar wa za mu kama a irin wannan lokaci?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara wa mahaifiyarka lafiya.

Ɗan'uwa, ka lura da abu guda. Mahaifiyarka ba ta san mai muryar nan ba, ba ta san asibitin da yake aiki ba, ko sunansa ba ta riƙe ba. Sunanka ta gani a saman saƙon, da kai ta yarda. Duk wanda ya danna tura ya ara wa maganar mutuncinsa ke nan. Shi ya sa Annabi (SAW) ya ce, a ruwayar Muslim, ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Allah kuma ya zargi masu wannan hali a Suratun Nisa'i, aya ta 83: idan labarin aminci ko na tsoro ya zo musu sai su yaɗa shi, maimakon su mayar da shi ga waɗanda suka san yadda ake tono gaskiyarsa. Annoba kuwa labarin tsoro ce tsantsa.

Don haka tura saƙon da zai iya hana mutum kare kansa, ba tare da tantancewa ba, haramun ne. Kyakkyawar niyya da rashin sani suna sassauta maka abin da ya wuce, amma gyara yana kanka. Ka zauna gaban mahaifiyarka, cikin ladabi ka ce, "Mama, saƙon nan ban san mai shi ba, na yi kuskure." In da hali ka haɗa ta da likitan da ta sani ta tambaye shi da bakinta. Sauran waɗanda ka tura wa ma ka bi su da gyara.

Batun wanda za a kama maganarsa, Suratun Nahl aya ta 43 ta ce a tambayi masu sani. Kowane fanni da masu shi. Yadda cuta ke yaɗuwa aikin likitocin da aka san su ne, da hukumomin lafiya masu fitar da magana da sunansu. Su ne suka gano cewa mai korona yana iya harbin wani tun kafin ya ji alamar ciwo, kuma a kan haka aka ce har mai jin garau ya rufe hanci da baki. Mu malamai ba mu da wannan awon, kuma ina jin ciwon yadda wasu daga cikinmu ke hawa mumbari su yanke hukuncin likitanci. In likitoci sun sauya shawara don sun sami sabuwar hujja, wannan ba ƙarya ba ce. Hukuma ita ma wajibi ne ta faɗi gaskiya, domin in ta ɓoye sau ɗaya mutane sun koma wa jita-jita.

Kada kuma a ce maka kariya raunin tawakkali ce. Sayyidina Umar ya isa Sarg a hanyarsa ta Sham, aka gaya masa annoba ta sauka a Sham ɗin. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansar da dattawan Ƙuraishawa, ya yanke komawa. Abu Ubaida ya ce, gudu daga ƙaddarar Allah? Umar ya ce, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sai Abdurrahman bin Auf ya iso ya ce ya ji Annabi (SAW) ya hana shiga ƙasar da annoba take, ya kuma hana wanda ke ciki fita don gudunta. Umar ya gode wa Allah, ya juya da jama'arsa.

Wallahu a'alam.