Ga ƙanwata da ta ce addu'a ta ƙi fitowa daga bakinta

Salama a cikin sunan Yesu, ƙanwata. Sannu da rashi, sannu da haƙuri. Ubangiji ya ta'azantar da ke da yaran.

Na karanta abin da kika rubuta. Kin ce an sace maigidanki a hanyar gona, kuka sayar da shanun noma da hatsin rumbu kuka biya kuɗin fansa, aka sako shi ba lafiya, bai daɗe ba ya rasu. Kin ce duk tsawon lokacin kina azumi, kina karanta Zabura 91 safe da yamma. Yanzu in kin durƙusa babu abin da ke fitowa, kuma wata ta ce miki da bangaskiyarki ta kai da hakan bai faru ba. Sai kika tambaye mu: ina mafakar da ake cewa Allah ne ga masu dogara gare shi?

Zan fara da maganar matar nan, don ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ba gaskiya ta faɗa miki ba, ko da da kyakkyawar niyya ta faɗa. Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 12. Sarki Hirudus ya kama Yakubu ɗan'uwan Yahaya ya sa aka kashe shi da takobi. Ya kama Bitrus ya sa a kurkuku, mala'ika ya zo da dare ya fitar da shi. Sura ɗaya, sarki ɗaya, ikilisiya ɗaya, kuma dukansu biyu suna cikin ukun nan da suka fi kusa da Yesu. Wa zai buɗe baki ya ce bangaskiyar Bitrus ta fi ta Yakubu? Littafin ma bai tsaya ya ba mu dalili ba. Haka Ibraniyawa 11, can wajen ƙarshe: ta wurin bangaskiya waɗansu suka tsere wa kaifin takobi, ta wurin bangaskiyar nan kuma aka kashe waɗansu da takobi. An jera su a layi ɗaya, an yaba musu tare.

Mu 'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, ba a takarda muka san wannan ba. Rabaran Lawan Andimi fastonmu ne, a lokacin shi ne shugaban CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, na ƙaramar hukumar Michika. 'Yan Boko Haram suka kama shi a farkon Janairu 2020. Da yawa a cikinmu mun ga bidiyon da suka fitar, inda ya ce yana sa rai zai koma wurin matarsa da 'ya'yansa, in kuma hakan bai samu ba, to wataƙila nufin Allah ke nan, kada a yi kuka, a gode wa Allah. Babu majami'ar da ba a yi masa addu'a ba a wancan watan. Kafin watan ya ƙare suka kashe shi. Duk wanda ya ga fuskar mutumin nan a bidiyon ba zai ce masa mai ƙarancin bangaskiya ba.

Ita kuwa Zabura 91, ki ci gaba da ƙaunarta, ni ma ina ƙaunarta. Sai dai ki tuna wanda ya ɗauko ayoyinta ya karanta wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali, a Matiyu sura 4. Shaiɗan ne. Ya ce masa ya diro, ai an rubuta mala'iku za su tallafe shi. Yesu ya ƙi. Na ga mutanenmu da yawa suna riƙe da wannan zabura kamar laya, a buɗe Littafi Mai Tsarki a wurinta a ajiye ƙarƙashin matashin kai ko a gaban mota. Ranar da masifa ta shigo duk da haka, sai mutum ya ga kamar Allah ya karya alkawari, alhali Yesu da bakinsa ya gaya mana a Yahaya 16 cewa a duniya za mu sha tsanani.

Yanzu bari in gaya miki abin da na gani da idona, don kin tambayi waɗanda abin ya taɓa wucewa ta kansu. Ni mutuniyar ƙasar Michika ce. A Satumba 2014 garin ya faɗa hannun 'yan Boko Haram, muka gudu Mubi. A ƙarshen Oktoba suka shigo Mubi, suka kama hedkwatar ikilisiyarmu da ke Kwarhi, har shugabanninmu suka koma Jos da zama na wani lokaci. Muka sake gudu, wannan karon da ƙafa, ta kan duwatsu, da goyo a baya da tsofaffi a hannu. Ƙanena ya koma ɗauko mahaifinmu, ba mu sake ganin ko ɗayansu ba. Ba gawa, ba kabari, ba wurin da za a je a tsaya a yi kuka.

Da muka isa Yola muka sauka a gidan wani dattijon ikilisiya da ba mu taɓa sani ba. Ɗakunansa uku ne, amma tsakar gidan ta cika har ba wurin taka ƙafa da dare. A nan addu'a ta mutu a bakina, daidai yadda kika kwatanta. Ni da nake jagorantar waƙa a Zumuntar Mata, in an ɗaga murya sai in ji maƙogwarona ya toshe. Da asuba matan gidan sukan taru gindin bishiya. Babu tulun kiɗa, babu caki, sai jarkar ruwa da wata ke bugawa da tafin hannu. Akwai wata tsohuwa 'yar Gwoza, ƙafafunta sun kumbura da tafiya har takalmi ba ya shiga. Kullum sai ta ja jiki ta zauna kusa da ni, ta kama hannuna ta ɗora a kan gwiwarta, ta yi addu'a da harshensu da ba na ji. Sunana kaɗai nake ganewa a ciki, da sunan Yesu. Ba ta taɓa tambayata don me na yi shiru ba. In ta gama sai ta matse hannun, ni kuma in ce amin. Watanni, iyakar ibadata ke nan.

Can daga baya wani fasto da shi ma gudun hijira ya kawo shi ya yi mana wa'azi a kan Markus sura 2, labarin shanyayyen da mutum huɗu suka ɗauko, suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu. Ya ce mu duba da kyau, an rubuta cewa Yesu ya ga bangaskiyarsu. Ta masu ɗaukar. Shi mutumin da ke kan shimfiɗa ba a rubuta ya furta ko kalma ɗaya ba. Ranar na gane abin da tsohuwar nan take yi mini kowace asuba. Amsata gare ki ke nan, ƙanwata: a irin wannan lokaci Allah yakan ɓoye mutum a cikin jama'arsa. Ba a ce lallai sai kin tashi da ƙafarki ba. Ki yarda a ɗauke ki.

Shi ya sa abin da na fi ji miki tsoro shi ne ki rufe ƙofa. Na san yadda yake. Ba kya son idon mutane, ba kya son a yi ta ce miki “sai haƙuri”, kuma kujerar da maigidanki yake zama a sujada tana nan. Duk da haka ki je. Ki zauna a baya in kin ga dama, ki fita kafin a tashi. Ki sami mace ɗaya a zumunta, mai riƙe sirri, ki gaya mata kai tsaye cewa ba kya iya addu'a, ta yi a madadinki. In an kawo miki mudun masara ko kuɗin makarantar yara, kada kunya ta sa ki mayar. Lokacin da annabi Iliya ya gudu jeji ya roƙi Allah ya ɗauki ransa, a 1 Sarakuna 19, mala'ikan bai yi masa faɗa ba. Abinci da ruwa ya ajiye masa, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashinsa ya ci. Magana sai daga baya. Don haka ki ci abinci. Ki dakatar da dogon azumi tukuna, jikin da ke makoki ba shi da ƙarfinsa. In barci ya ƙaurace miki, ko kina firgita in kin ji ƙarar babur, ko tunanin ki bi shi yana zuwar miki, ki gaya wa likita ko ma'aikaciyar jinya, ki kuma gaya wa fastonku a ranar. Ikilisiyarmu ta shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya bayan 2014, na zauna a ciki, na ga maza masu furfura suna kuka a gaban jama'a, suna samun sauƙi. Babu rashin bangaskiya a neman irin wannan taimako.

In kina son karatu, ki bar zaburar nasara tukuna ki je Zabura 13, da 42, da 88. Ta 88 ɗin ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu yabo a ƙarshenta, kuma Allah ya bar ta a cikin littafinsa. Marta da Maryamu dukansu sun ce wa Yesu da yana nan da ɗan'uwansu bai mutu ba. Bai tsawata musu ba, ya yi hawaye. Yesu kansa a kan gicciye farkon Zabura 22 ya ɗauko, yana tambayar Allah don me ya yashe shi. To in abin da ke zuciyarki yau “don me?” ne, ki faɗa masa haka. Wanda ke yi wa Allah ƙara har yanzu fuskarsa na wajen Allah.

Ki yi hankali da masu zuwa wurin gwauraye da kwalbar mai da ruwan addu'a, suna cewa an ga wani a dangi da hannu a mutuwar, ki “shuka iri”, wato ki ba su kuɗi kaza, a karya abin. Na ga gidajen da irin wannan magana ta raba har yau ba sa ga maciji da juna. Waɗanda suka sace mijinki 'yan bindiga ne masu neman kuɗi. Kada a ƙara miki maƙiyi a cikin gida.

Zancen gafara kuma, kada kowa ya gaggauta ki. Mu ikilisiyar salama ce tun da aka kafa ta a Garkida a 1923, ana koya mana kada mu rama, amma ƙin ramuwa daban, hucewar zuciya daban, ita takan ɗauki shekaru. Abin da zan roƙe ki kawai, saboda yaran, kada ɓacin ran ya faɗa kan duk wanda ba addininku ɗaya ba. A kan hanyarmu ta gudu wani makiyayi Musulmi ne ya ba mu nono ya nuna mana hanyar da babu 'yan Boko Haram. A Yola majami'ar Katolika ta St. Theresa ta karɓi dubban 'yan gudun hijira, daga baya Bishop Stephen Mamza ya gina wa waɗanda suka kasa komawa gidaje, har da masallaci don Musulmin da ke cikinsu. A Filato kuma, a Yuni 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barkin Ladi ya ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Ki ba yaranki waɗannan labaran ma.

Sai abu na ƙarshe, wanda ba a cika faɗa a wa'azi ba. Kin ambaci cewa gonar tana nan amma 'yan'uwan mijinki sun fara magana a kanta, kuma akwai bashin da aka ci lokacin haɗa kuɗin fansa. Kada ki zauna da su ke kaɗai, kada kuma ki ce kin bar wa Allah ki yi shiru. Yakubu 1:27 ya ɗora wa ikilisiya nauyin marayu da gwauraye, haƙƙinki ne ki nema. Ki je wurin matar fasto a wannan makon ki gaya mata komai, ta kai wa dattawa. A kira zama da dangin a gaban fasto da mai unguwa, a faɗi wanda ya ba da rance da nawa ya bayar, a faɗi abin da yake na yaran. A rubuta a takarda, shaidu su sa hannu, ki riƙe kwafi ɗaya, ikilisiya ta riƙe ɗaya. In damina ta zo hanyar gonar ba ta da tsaro, kada ki je. A ba wani amintacce aro da rubutacciyar yarjejeniya har abubuwa su lafa.

Na sa sunanki cikin addu'ar zumuntarmu. In ranar zaman da dangin ta tsaya, ki sanar da mu.