Ku Tambaya Mu Amsa: Ziyarar Dalolin Masar da Dausayoyin Hamadarta

Wasiƙun wannan watan sun karkata ne ga Masar, kuma yawancinsu daga 'yan kasuwa da iyayen ɗaliban Azhar suka fito, masu son su haɗa hidimarsu da buɗe ido. Mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Daga wani ɗan kasuwa a Kusuri: Ina da kwana takwas bayan na gama sayayya a Alƙahira. Wani kamfani ya ce a cikinsu zai kai ni Giza da Luksor da Abu Simbel da Siwa. Zai yiwu?

Alhaji, a takarda zai yiwu, amma rabin kwanakinka a kujerar mota za su ƙare. Luksor tana kudu da Alƙahira da fiye da kilomita 600, jirgin ƙasa na dare yana cin wajen awa goma. Aswan tana gaba da ita da kilomita ɗari biyu da ɗoriya, Abu Simbel kuma, inda haikalin fir'auna Ramsis na Biyu yake, kusan kilomita 280 ne kudu da Aswan, dab da iyakar Sudan. Ita kuwa Siwa ba ma a wannan layin take ba. Tana can arewa maso yamma, kimanin kilomita 50 daga iyakar Libiya, kuma sai an bi gaɓar teku zuwa Marsa Matruh kafin a gangara kudu kilomita 300 cikin hamada. Daga Alƙahira awa goma ne zuwa goma sha biyu, zuwa kawai. Wanda ya haɗa maka Abu Simbel da Siwa a mako guda, kamar ya ce ka karya kumallo a Ngaundere ne ka yi Azahar a Abeshe.

Zaɓi ɗaya. In tsofaffin gine-gine ne a ranka, bi kogin Nilu. Ka ba Alƙahira kwana uku: yini guda a Giza, inda babbar dalar Khufu take, wadda aka gina kimanin shekara 4,500 da suka wuce, tsayinta na asali ya ɗan haura mita 146. Washegari ka je Saƙƙara ka ga dalar Joser mai hawa shida, wadda ta girme ta, ka zarce Dahshur, inda babu cunkoso kuma ake ganin yadda magina suka yi kuskure a wata dala har suka sauya mata karkata a tsakiyar aiki. Na uku na gidajen tarihi ne. Daga nan jirgin dare zuwa Luksor, kwana biyu: haikalin Karnak mai zauren ginshiƙai 134 a gabas da kogi, Kwarin Sarakuna, inda kaburburan fir'aunoni suke, da haikalin Hatshepsut a yamma. Sauran kwanakin na Aswan ne. Motocin Abu Simbel suna tashi wajen ƙarfe huɗu na asuba don a isa kafin rana ta take, sai ka shirya inda za ka yi sallah a hanya. Komawa Alƙahira ka hau jirgin sama, awa ɗaya da rabi ne.

In kuma dole sai ka taka hamada, dausayin Bahariya ya fi Siwa kusa, kilomita 370 daga Alƙahira, kwana biyu sun isa a je a kwana a Farar Hamada, mai duwatsun alli, da ke gaba da shi a dawo. Siwa a bar ta sai wata tafiyar.

Daga wata malamar makaranta a Garwa: Waɗanne takardu zan tanada, kuma sefa tana tafiya a can?

Malama, fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da biza da za ki nema tun kina gida. Masar tana da ofishin jakadanci a Yawunde da kuma Injamena. Kada ki dogara da labarin cewa ana ba da biza a filin jirgi, wannan sauƙin na 'yan wasu ƙasashe ne. Abin da ya fi tsayar da mutanenmu shi ne katin rigakafin zazzaɓin shawara. Masar tana nemansa daga duk wanda ya fito daga ƙasar da cutar take, Kamaru da Chadi kuwa suna ciki, kuma allurar ba ta fara aiki a takarda sai ta kwana goma. Wadda ta yi ta ana jibi tafiya, kamar ba ta yi ba ce.

Daga arewacin Kamaru ya fi sauƙi a tsallaka gadar Ngeli a tashi daga Injamena, da a gangara Duwala. Jirgin EgyptAir yana yin tafiyar kai tsaye cikin kimanin awa huɗu. Agogon Masar yana gaba da namu da awa ɗaya, lokacin bazara kuma biyu.

Sefa ba ta da kasuwa a Masar. Ki canza ta zuwa Yuro tun a nan, tunda farashinsu a ɗaure yake, Yuro ɗaya sefa 656 in an cike, a can kuma ki canza zuwa fam ɗinsu a banki ko shagon canji mai rajista, ki adana rasit. Ga wani abin da ke ba mutane kunya a bakin ƙofa: manyan wuraren tarihi da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti, sai kati. Saboda haka ki je bankinki a buɗe miki katin Visa ko Mastercard don amfani a waje kafin ki tashi. Duk da haka ki riƙe ƙananan kuɗi a hannu, don bakshish, wato ɗan ihsani, ana sa ransa tun daga mai gadin kabari har mai tsaron bayi. Ɗalibi mai katin ɗalibai na duniya yakan biya rabin kuɗin shiga.

Daga wani direba a Abeshe: Mu 'yan hamada ne. Na yi Faya, na yi Fada, ban taɓa ɓata ba. Me zai sa in biya ɗan rakiya a Masar? Ba zan iya hayar mota in shiga da kaina ba?

Malam, ba mu musa ƙwarewarka ba. Wanda ya san Enedi, rairayin Masar ba zai ba shi tsoro ba, kuma kakanninmu sun riga mu sanin wannan ƙasar: Darbul Arba'in, hanyar kwana arba'in, daga Darfur take tashi ta ratsa dausayin Kharga ta faɗa Asyut, ayarin raƙuma sun yi ƙarnoni suna bin ta. Amma abin da kake biya a yau ba sanin hanya ba ne kaɗai, izini ne.

Hamadar Yamma ta Masar tana iyaka da Libiya, kuma sojoji suna sa mata ido sosai saboda masu fasa-ƙwauri da 'yan bindiga. Baƙo ba ya sauka daga kwalta ya shiga daji sai da takardar izini, kamfani mai lasisi ne ke neman ta da kwafin fasfonka, a rubuta lambar mota da sunan direba da inda za a kwana. A kan hanya akwai shingaye da ake duba wannan takardar. A watan Satumba na 2015, jami'an tsaron Masar sun buɗe wa ayarin motocin masu yawon buɗe ido wuta kusa da Bahariya bisa kuskure, mutum 12 suka mutu, takwas daga cikinsu 'yan Meksiko ne. Tun daga nan aka ƙara tsaurara doka. Hanyar da ta haɗa Bahariya da Siwa kai tsaye ma ba kullum take buɗe wa baƙi ba, shi ya sa ake zagayawa ta gaɓar teku. Jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi kuwa kada ma ka sa shi a jaka, a filin jirgi za a karɓe, kuma magana ba ta tsayawa nan.

Inda saninka zai yi maka amfani shi ne wajen tantance kamfanin. Kafin a tashi daga Bawiti, babban garin Bahariya, leƙa motar da idon direba. In za a shiga tuddan rairayi masu zurfi, kamar Babban Tekun Rairayi na kudu da Siwa, mota biyu ake so, don in ɗaya ta kafe ɗayar ta ja ta. A samu tayar safaya mai kyau, shebur, faranti na sa wa taya, igiyar ja, da famfon iska, domin ana rage iskar taya zuwa kusan rabi a kan rairayi mai laushi, in kuma aka koma kwalta ba a mayar ba, tayar takan yi zafi ta fashe. Ruwan sha lita huɗu zuwa biyar ga kowane mutum a yini, ban da na girki da na alwala, a ƙara na kwana guda a kai saboda tsautsayi. Direban da ya ce maka jarka ɗaya ta ishi mutum shida, ka san da wa kake tafiya.

Abin da za ka gani ya bambanta da na gida. Bayan Bahariya akwai Baƙar Hamada, tuddai ne da baƙin dutse ya lulluɓe. Gaba, kafin Farafra, sai Farar Hamada: alli ne tsantsa da iska ta sassaƙa, wani kamar lema, wani kamar kaza, ƙasan tsohon teku ne, har yanzu ana tsintar ɓawon halittun ruwa a jikinsa. Wurin gandu ne na gwamnati tun 2002, ba a hawa kan duwatsun, ba a ɓanɓarar su, shara kuma da ita ake komawa. Da dare yanyawa sukan zagayo sansani, a ɗaga takalmi da abinci.

Daga wani magidanci a Marwa: Yaya zan gane ɗan rakiya na gaskiya? An ce akwai 'yan damfara a bakin daloli.

Akwai su, kamar kowace tasha. Ɗan rakiya na gaskiya yana da katin lasisi daga Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido da Kayan Tarihi, ka nemi ganinsa, ba rashin kunya ba ne. Wanda ya tare ka a hanya ya ce ƙofa a rufe take ko sai da doki ake shiga, wuce shi ka nufi tagar tikiti.

Amma yawancin rigima ba daga ɓarayi take fitowa ba, daga maganar da ba a rubuta ba ce. Kafin ka biya ko sisi, a rubuta maka, ko a WhatsApp ne, wane tikiti ke cikin kuɗin. Tikitin Giza na shiga fili ne, shiga cikin dalar Khufu nasa daban, kuma hanya ce ƙunci da ake hawa a sunkuye, mai ciwon gwiwa ko numfashi ya haƙura, ɗaki ne wayam da akwatin dutse. Tikitin Kwarin Sarakuna na kabari uku ne kawai; na Tutankhamun, wanda Howard Carter ya gano a 1922, da na Seti na Farko, kowanne da kuɗinsa. A wannan kwarin ba a barin ɗan rakiya ya yi bayani a cikin kabari, a waje zai yi ka shiga kai kaɗai, kada ka ɗauka ha'inci ne. A rubuta harshen da zai yi magana da shi, Faransanci ko Larabci. Mai Larabcin Chadi zai fahimci na Masar bayan kwana biyu, in ya saba da yadda suke mayar da jimun "g". A kuma rubuta cewa ba ka son tsayawa a shaguna. In ba haka ba, awa biyu na yininka za su tafi a shagon turare da na takardar fafirus, don ɗan rakiya yana da kamasho a kan duk abin da ka saya, kuma mai arha da ake tallarta a titi sau da yawa ganyen ayaba ne. Biya wani kaso tun farko, ciko sai an gama.

Raƙumi kuwa, ba sai mun koya wa mutumin Marwa ciniki ba: a gama magana kan kuɗin hawa da na sauka da tsawon zagayen, da cewa fam ake nufi ba dalar Amurka ba, kafin raƙumin ya miƙe.

Daga wata Hajiya a Injamena: Da gaske ana ganin gawar Fir'aunan Annabi Musa (AS)?

Hajiya, ana ganin gawarwakin fir'aunoni. A watan Afrilu na 2021 an kwashe 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi huɗu, daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir zuwa gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, kusa da masallacin Amru ɗan Asi. Ramsis na Biyu da ɗansa Merneptah suna cikinsu, kuma su biyun ne aka fi yi wa zaton. Sai dai Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba, masana tarihi kuma ba su haɗu a kan ɗaya ba, saboda haka ɗan rakiyar da ya nuna miki guda ya rantse, ra'ayinsa ne ya faɗa. Ba a ɗaukar hoto a zauren, ba a kuma ɗaga murya. Kayan Tutankhamun kuwa ba a nan suke ba, suna sabon babban gidan tarihi na kusa da dalolin Giza, wanda aka buɗe a hukumance a Nuwamban 2025.

Daga wasu ma'aurata a Mora: Wane wata ya fi, kuma Siwa ta dace da iyali?

Daga Oktoba zuwa ƙarshen Fabrairu. Maris zuwa Mayu lokacin iskar hamsin ne, mai zafi da ƙura, takan rufe hanya ta soke tashin jirgi. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa Luksor da Aswan suna haura digiri 40, kuma kabarin da ke cikin dutse ba iska. Abin da ke kama mutanenmu shi ne sanyi: daren hamada a Disamba da Janairu yakan kusanci daskarar ruwa, ya wuce hunturun gida nesa, kayan Mora ba za su isa ba sai an ƙara rigar sanyi mai kauri da safa da hula.

Siwa ta dace ƙwarai in kuna da kwana biyar da za ku ba ta. Gari ne na dabino da zaitun, mutanenta suna da harshensu na Siwi, dangin na Buzaye, kuma masu kunya ne, matansu a lulluɓe suke, ba a ɗaukar su hoto. Za ku ga Shali, tsohon garin da aka gina da gishiri da laka, wanda ruwan kwana uku ya narkar da shi a 1926, da kufan haikalin Amun da Iskandar Mai Girma ya ziyarta wajen shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tafkunan gishirinta ba a nitsewa a cikinsu, amma ruwan yana ƙona ido da duk wani ƙaramin rauni, kada Malam ya yi aski ranar, kuma ku tafi da jarkar ruwan daɗi don ɗauraye yara da sun fito. Hajiya ta shiga da doguwar rigarta, ba mai kallonta. A magudanan Nilu kam kada a bar yara su shiga, akwai tsargiya.

Tsaraba ku tsaya ga dabino da man zaitun da fitilar gishiri. Guntun tukwane ko ƙaramin gunki da wani ya ce daga kabari ya fito, in na gaske ne dokar kayan tarihi ta 1983 ta hana sayarwa da fitar da shi kuma ana ɗauri a kansa, in kuma na jabu ne, jami'in kwastan zai iya riƙe ku har a kira masani ya tabbatar, jirgi kuwa ba ya jira.