Ina kwanciya da wuri amma barci ya ƙi zuwa: in ci gaba da shan ƙwaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 43, ina da shago a kasuwa a Kano. Wata uku ke nan in na kwanta bayan isha, wajen ƙarfe 9, sai in yi ta juye-juye har ƙarfe 1 na dare. Da rana goro da shayi ne ke riƙe ni, bayan la'asar kuma nakan kishingiɗa kamar awa ɗaya da rabi. Wani abokina ya sayo mini diyazifam a kemis, na sha kwana biyu na yi barci. In ci gaba da sha?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ƙwayar nan ka ajiye ta. Tunda kwana biyu kacal ka sha, babu matsala ka daina yau. Wanda ya yi makonni yana sha kullum shi ne bai kamata ya yanke farat ɗaya ba sai likita ya rage masa a hankali. Diyazifam yana kwantar da mutum, amma yana rage barci mai nauyi wanda jiki ya fi buƙata, yana daɗewa a jini har washegari kai ya yi nauyi, kuma jiki na saurin sabawa da shi. Haɗa shi da maganin tari mai kodin kuwa na iya danne numfashi.

Abin da ka rubuto ya riga ya nuna inda gizo ke saƙar. Abu biyu ne ke kawo barci. Na farko in kira shi yunwar barci. Tun daga lokacin da ka farka, wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, yawansa shi ne nauyin idon da kake ji da dare, barci kuma shi ke share shi. Kafeyin da ke cikin goro da shayi da Nescafe ba ya kawar da adenosin, toshe masa wurin zama kawai yake yi, ƙwaƙwalwa ta kasa jin gajiyar da ke akwai. Jikin yawancin manya na ɗaukar kamar awa 5 kafin ya fitar da rabin kafeyin. Goron da ka tauna ƙarfe 5 na yamma, rabin ƙarfinsa na nan ƙarfe 10 na dare. Ga kuma barcin la'asar na awa ɗaya da rabi. Kamar mutum ne ya cika cikinsa da tuwo da la'asar, sannan yana mamakin rashin jin yunwa bayan magariba.

Na biyu agogon jiki ne, wani ɗan gungu a ƙwaƙwalwa daidai saman inda jijiyoyin ido suka gitta juna. Haske ke saita shi. In duhu ya yi sai ya ba da damar fitar melatonin, sinadarin da ke shirya jiki ga barci, zafin jiki ya ɗan sauka, a nan ne barci ke samun ƙofa. Shi ya sa daren watan Afrilu a ɗakin da ya wuni yana shan rana yake da wuyar barci, wanka kafin kwanciya kuma yake taimakawa. Ana yawan ɗora wa hasken waya laifi, yana da nasa, amma a ganina abin da ke cikin wayar ya fi hasken ɓarna: lissafin bashi da gardamar siyasa a WhatsApp ba sa barin zuciya ta kwanta.

Yanzu ga abin da zai yi maka baƙo: ka daina kwanciya da wuri. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, ɓarawo kuwa ba ya shiga gidan da mai shi ke zaune yana gadi. Awa huɗun da kake yi kana juyi kullum koya wa ƙwaƙwalwarka kake yi cewa shimfiɗa wurin tunani ce da duba agogo. Ka zauna sai ƙarfe 11, ko sai gyangyaɗi na gaske ya zo. In ka kwanta ka ji an ɗauki kamar minti 20 ido biyu, tashi ka koma tabarma cikin haske mara ƙarfi, ka ja carbi ko ka yi karatu mara tayar da hankali, sai ido ya yi nauyi ka koma. Ko sau uku ne a dare ɗaya, ka yi. Lokacin tashi kuwa kada ya motsa: asuba ta riga ta ba ka shi kyauta, sai dai kar ka koma ka yi ramuwa har hantsi, ka fita rana ta taɓa ka da safe. Goro da shayi su tsaya daga azahar. In ƙailula ta zama dole, a yi ta bayan azahar, minti 20 zuwa 30, ba bayan la'asar ba.

Ba zan ɓoye maka ba, makon farko za ka sha wuya, za ka yi ta hamma a shago, kuma kada ka yi doguwar tafiya kana tuƙi a kwanakin. Wannan gajiyar ita ce yunwar da muke nema. In ka fara yin barci da zarar ka kwanta, sai ka riƙa kwanciya minti 15 kafin lokacin da ka saba duk bayan 'yan kwanaki, har ka kai wajen awa 7, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da yawancin manya ke buƙata.

Kar kuma farkawar tsakar dare ta tsorata ka. Barci zagaye-zagaye yake yi, kowane kamar minti 90, mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, na mafarki kuma gab da asuba. Tsakanin zagaye kowa na ɗan farkawa, yawanci mantawa ake yi.

Ka tambayi uwargida ko kana minshari mai ƙarfi har numfashi ya ɗauke ka zabura. In haka ne, ko fitsari na tashinka sau uku ko huɗu a dare, ko kana jin ƙunci da rashin sha'awar komai, to asibiti za ka je a auna hawan jini da suga a duba sauran, domin gyaran kwanciya kaɗai ba zai isa ba. In babu ko ɗaya, ka gwada abin da na faɗa na mako huɗu, kana rubuta lokacin kwanciya da na tashi a takarda. In bai sauya ba, da takardar za ka je wurin likita.